Yadda iyaye ke manta ɗansu: Darasin fim ɗin Home Alone ga masu tafiyar hutu

Da zarar watan Disamba ya kama, makarantu suka ba da hutu, akwai wani tsohon fim na Amurka da tashoshin talabijin ba sa gajiya da maimaita shi. Sunansa Home Alone, ma'ana shi kaɗai a gida. Ko a Legas kake, ko Abuja, ko Fatakwal, da wuya ka shiga gidan da ke da yara ka tarar ba a san labarin Kevin ba, yaron nan ɗan shekara 8 da iyayensa suka tafi Faransa bikin Kirsimeti suka manta shi a gida, ya zauna yana ɗana wa ɓarayi biyu tarko.

Yara dariyar ɓarayin suke yi. Iyaye mata kuwa sukan girgiza kai su ce, "Wace irin uwa ce wannan? Ta hau jirgi ta bar ɗanta?" Wasu har su ƙara da cewa sai dai Turawa.

Masana ilimin halayyar ɗan Adam suna da wata amsar, kuma ba mai daɗin ji ba ce. Binciken da suka shafe shekaru suna yi ya nuna cewa irin wannan mantuwa tana iya samun iyayen da suka fi kowa son 'ya'yansu, domin tushenta yana cikin yadda ƙwaƙwalwar kowannenmu take aiki. Tunda lokaci ne na tafiye-tafiye, bukukuwan aure da ziyarar 'yan uwa, yana da kyau mu sake kallon fim ɗin da idon basira, mu ga ta inda aka yi kuskuren.

Yadda abin ya faru

An fitar da fim ɗin a watan Nuwamban 1990. John Hughes ne ya rubuta labarin, Chris Columbus ya ba da umarni, Macaulay Culkin kuma ya fito a matsayin Kevin. An kashe kimanin Dala miliyan 18 wajen shirya shi, ya kawo sama da Dala miliyan 470 a duniya, ya kuma yi mako 12 a jere yana kan gaba a gidajen sinima na Amurka. Jan gidan nan na bulo da ake gani gida ne na gaske a Winnetka, wani ƙaramin gari na masu hannu da shuni a arewacin birnin Shikago, a gaɓar tafkin Michigan. Har yau masu yawon buɗe ido suna zuwa ɗaukar hoto a gabansa. Yawancin ɗakunan da ake gani a ciki kuwa gina su aka yi a zauren wasanni na wata makarantar sakandare da ba a amfani da ita a lokacin.

Wanda ya kalli farkon fim ɗin a natse zai lura cewa marubucin bai bar mantuwar ta zo haka kawai ba. Mutum 15 ne suka kwana a gidan, manya 4 da yara 11. Da daddare Kevin ya yi faɗa da yayansa a kan abinci, madara ta zube a kan takardun tafiya, mahaifin ya haɗa tikitin Kevin da tsumman takarda ya jefa a kwandon shara bai sani ba. Uwar ta hukunta yaron, ta tura shi ya kwana a ɗakin can sama, inda ba nan ya saba kwana ba. Cikin dare iska ta karya reshen bishiya ya faɗa kan wayar lantarki, wuta ta ɗauke, agogon da zai tashe su bai buga ba. Suka makara. Motoci biyu suka zo ɗaukar su zuwa filin jirgi. Aka sa wata babbar yarinya cikin dangin ta ƙirga yara, sai ta haɗa da yaron maƙwabta da ya zo kallon motoci ya juya baya, lissafi ya cika 11. A cikin jirgi ma manya suna gaba, yara suna baya. Sai da suka yi nisa a sama uwar ta zabura ta ƙwala kiran sunansa.

A nan babu wani babban laifi guda ɗaya. Ƙananan kurakurai ne suka jeru, kuma kowanne daga cikinsu yana da bayani a littattafan farko na ilimin halayyar ɗan Adam.

Niyya da sabo

Masana sun raba tuna abu gida-gida. Akwai tuna abin da ya wuce, kamar sunan malaminka na firamare. Akwai kuma tuna abin da ka yi niyyar yi nan gaba, kamar shan magani bayan La'asar ko tsayawa sayen burodi a hanyar dawowa. Wannan na biyun shi ne mai rauni, domin babu mai tambayarka. Kai ne za ka tuna cewa akwai abin tunawa.

Farfesa David Diamond na Jami'ar Kudancin Florida ya daɗe yana nazarin iyayen da suka manta jariransu a cikin mota. Bayaninsa shi ne, a ƙwaƙwalwa akwai sashen da ke riƙe sabon shiri, akwai kuma sashen sabo, wanda ke tuƙa ka daga ofis zuwa gida ba tare da ka tuna yadda ka bi hanyar ba. Idan biyun suka yi karo, sabo yakan yi nasara. Abubuwa uku ne suka fi ba shi wannan nasara: rashin barci, damuwa ko gaggawa, da sauyin tsarin da aka saba. Duka ukun sun haɗu a safiyar tafiyar su Kevin.

Mu kawo shi kusa. Uban da bai saba kai jaririya wurin raino ba, yau matarsa ba ta da lafiya ta ce ya kai ta. Yarinyar ta yi barci a kujerar baya, babu motsi. Waya ta shigo daga wurin aiki. Hannunsa ya juya sitiyari zuwa hanyar da yake bi kullum. Abin da ya fi ban tsoro, kamar yadda Diamond ya bayyana, shi ne ƙwaƙwalwar takan cike giɓin da kanta, mutum ya wuni yana jin cewa ya riga ya sauke yarinyar. A Amurka yara sama da 30 ne ke mutuwa a kowace shekara saboda zafin cikin mota, kuma fiye da rabinsu mantawa da su aka yi. A cikin iyayen akwai likitoci, malamai da sojoji. Cikin minti 10 zafin motar da aka rufe yana iya ƙaruwa da kusan digiri 10 a ma'aunin Salshiyos, jikin ƙaramin yaro kuma ya fi na babba saurin ɗaukar zafi sau uku zuwa biyar. Wanda ya san ranar watan Maris a ƙasar nan ba ya buƙatar ƙarin bayani.

Ido a buɗe, amma bai gani ba

To yarinyar da aka sa ƙirga fa, ba ta da ido ne? A 1999 wasu masana biyu a Jami'ar Harvard, Daniel Simons da Christopher Chabris, sun nuna wa mutane wani gajeren bidiyo na 'yan wasa shida, uku da fararen riguna, uku da baƙaƙe, suna jefa wa juna ƙwallon kwando. Aka ce su ƙirga sau nawa masu fararen riguna suka miƙa wa juna ƙwallo. Ana tsakiyar wasan sai wani da ya yi shigar goggon biri ya ratso tsakiya, ya tsaya ya bugi ƙirji, ya wuce. Kusan rabin masu kallon ba su gan shi ba. Da aka sake nuna masu, wasu suka rantse an canza bidiyon.

Abin da wannan gwaji ya koyar shi ne, hankali yana ganin abin da aka aike shi nema ne kawai. An ce wa yarinyar ta ƙirga kawuna, sai ta ƙirga kawuna. Da an ce ta kira sunan kowa ya amsa, da asirin ya tonu a ƙofar gida. Ga kuma iyakar abin da hankali ke iya riƙewa a lokaci guda. George Miller ya ƙiyasta a 1956 cewa abubuwa bakwai ne, ko a ƙara biyu ko a rage biyu, masu bincike na baya kuma suka ce ya fi kusa da huɗu. Uwar da ke riƙe da fasfo, kuɗi, makullai, jakunkuna da lokacin tashin jirgi, ta riga ta cika ma'auninta kafin a zo kan yara 11.

Irin wannan makantar ce aka sake ginawa a kashi na biyu na fim ɗin, wanda ya fito a 1992. A wannan karon an fita da Kevin, amma a filin jirgin O'Hare na Shikago, ɗaya daga cikin mafiya cunkoso a duniya, ya tsaya sa batir a na'urarsa, ya ɗago ya hango wani mutum sanye da irin kwat ɗin babansa, ya bi shi a guje. Iyalin suka nufi Miami, shi kuma ya sauka a New York. Yaro a cikin taro tufafi yake bi, kuma duk uwar da ɗanta ya taɓa riƙe zanen wata mata a kasuwa ta san haka.

Kowa ya ɗauka yana wurin wani

Birnin New York da Kevin ya ɓace a cikinsa, ya sauka a otal ɗin Plaza da aka buɗe a 1907, har ya tambayi Donald Trump hanya, wanda shi ne mai otal ɗin a lokacin, shi ne kuma birnin da ya haifar da ɗaya daga cikin shahararrun bincike a wannan fanni. A watan Maris na 1964 aka kashe wata budurwa mai suna Kitty Genovese a kusa da gidanta a yankin Queens. Jaridar New York Times ta ruwaito cewa mutum 38 sun gani ko sun ji, babu wanda ya kai ɗauki. Daga baya an gano cewa an zuzuta labarin, amma ya riga ya sa masana biyu, John Darley da Bibb Latané, sun yi tambaya: shin yawan jama'a yana rage taimako ne?

A gwajin da suka wallafa a 1968, sun zaunar da ɗalibai kowa a ɗakinsa, suna tattaunawa ta na'urar magana. Can sai a ji muryar wani kamar farfaɗiya ta kama shi yana neman taimako. Cikin waɗanda suka ɗauka su kaɗai ke jin sa, kashi 85 cikin 100 sun fito neman agaji kafin muryar ta yanke. Cikin waɗanda suka ɗauka akwai wasu mutum huɗu da ke ji tare da su, kashi 31 ne kawai suka motsa. Ba mugunta ta hana su ba, da yawansu an same su hannu na rawa. Nauyin ne ya rarrabu, kowa ya ɗauki ɗan kaɗan, kaɗan ɗin kuma bai isa ya tayar da mutum daga kujera ba.

Motoci biyun da suka ɗauki dangin Kevin haka suka yi aiki. Na motar gaba sun ɗauka yana ta baya, na baya sun ɗauka yana ta gaba. Wanda ke ganin wannan sai a fim, ya tuna da David Cameron. A 2012, yana Firayim Ministan Birtaniya, shi da matarsa sun je cin abincin rana da abokai a kusa da gidan hutunsa na Chequers. Da za su koma, ya shiga mota ɗaya da masu tsaron lafiyarsa, matar ta shiga wata da sauran yaran. Sai da suka isa gida suka ga babu 'yarsu mai shekara 8. Ta yi kusan minti 15 a wurin kafin a koma a ɗauko ta. Ga uwa, ga uba, ga jami'an tsaro da aikinsu ke nan, amma yarinya ta zame.

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi shafar mu. Mukan ce ɗa na kowa ne, kuma gaskiya ce mai kyau wajen tarbiyya. Amma a gidan biki, inda ga gwaggo, ga inna, ga yayye, ga 'yar aiki, yaron da ke hannun kowa ba ya hannun kowa. Uwa tana wurin girki ta ɗauka yana wurin kakarsa, kaka ta ɗauka ya bi yayyensa, yayye sun tafi sayen alewa. A watan Disamban 2021 an tsinci gawar yara 8 a cikin wata mota da aka ajiye a yankin Badagry na Jihar Legas, bayan sun shiga ciki ƙofa ta rufe da su. Rijiya, kwalbati, tukunyar ruwan zafi da titi duk ba sa buƙatar fiye da 'yan mintuna.

Abin da ke ran yaron

Akwai wani abu a fim ɗin da dariya ke rufewa. Da Kevin ya tashi ya ga gida wayam, bai yi tunanin an manta shi ba. Ya ɗauka shi ne ya ɓatar da danginsa, saboda a daren jiya cikin fushi ya yi fatan kada ya sake ganin su. Masanin nan ɗan ƙasar Siwizalan, Jean Piaget, ya bayyana cewa ƙananan yara, musamman daga shekara 2 zuwa 7, sukan ɗauka tunaninsu da maganarsu suna iya sa abu ya faru a zahiri, kuma ɓurɓushin wannan tunani yakan dawo wa yaron da ya ɗan girma idan ya tsorata.

Shi ya sa yaro kan ɗora wa kansa laifin rabuwar iyayensa, ko ciwon ƙaninsa, ko rasuwar kakarsa, ya yi shiru da abin a ransa. Yaron da ya ɓace a kasuwa aka gano shi, sau da yawa abin da ya fara samu shi ne mari, alhali tsoron uwar ne ya fito ta hannunta. Abin da yake buƙata a wannan lokaci shi ne a rungume shi, a gaya masa a fili cewa an neme shi kuma ba a yi fushi da shi ba. Nasiha ta biyo baya idan hankali ya kwanta. Haka kuma kalaman da ake jefa wa yaro cikin fushi, irin su "ka ishe ni" ko "zan tafi in bar ka", babba yakan manta su kafin Magariba, yaro kuwa yana ɗaukar su da gaske.

Me ya sa muke saurin zargi?

Mu koma kan tambayar farko, wace irin uwa ce wannan. A 1977 Lee Ross na Jami'ar Stanford ya yi bayanin wata ɗabi'a da kusan kowa ke da ita: idan wani ya yi kuskure mukan ce halinsa ne, idan mu muka yi sai mu ce yanayi ne. Wani ya makara, malalaci ne. Mu muka makara, cunkoson motoci ne. Fim ɗin ma ya taɓo wannan ta hanyar tsohon maƙwabcin nan da yaran unguwa ke yaɗa cewa ya kashe iyalinsa, alhali dattijo ne da kaɗaici ya dama bayan saɓani da ɗansa, kuma a ƙarshe shi ya ceci Kevin daga hannun ɓarayin.

Haɗarin wannan zargi yana komawa kan mai yin sa. Duk wanda ya yarda cewa sakarkaru ne kawai ke manta yaro, ba zai ɗauki matakin kariya ba, tunda shi ba sakarai ba ne. Ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Matuƙan jirgin sama da likitocin tiyata sun fi mu horo, amma ba sa dogara da ƙwaƙwalwarsu, takardar jerin abubuwan dubawa suke bi ɗaya bayan ɗaya.

Kafin a kama hanya

Na farko, a raba yara da suna. Kada a ce "ku kula da yaran nan". A ce, "Yaya, Ummi da Abba suna hannunki har mu isa." Idan mai riƙon zai tashi, ya damƙa yaron ga wani da baki, wancan kuma ya amsa cewa ya karɓa.

Na biyu, a daina ƙirga kawuna. A kira suna, a ga fuska. A yi haka a ƙofar gida, a tasha, da duk inda aka tsaya sallah, shan mai ko cin abinci. Idan motoci biyu ne, kada ɗaya ta tashi sai direbobin ko iyayen sun yi magana sun tabbatar wa ke ina.

Na uku, duk ranar da tsari ya canza, a ɗauke ta ranar haɗari. Mai ɗauke da jariri a kujerar baya ya ajiye wayarsa ko jakarsa a gefen yaron, yadda ba zai iya barin motar ba sai ya buɗe ƙofar baya. Ma'aurata su saba kiran juna a tambaya ko an sauke yaro. A roƙi makaranta ko mai raino su kira idan yaro bai iso ba.

Na huɗu, motar da aka ajiye a gida ko a layi a kulle ta, a ɗauke makullin daga inda hannun yara zai kai. Idan yaro ya ɓace a unguwa, a fara duba wuraren da ke kisa da sauri: rijiya, tankin ruwa, cikin motoci da but ɗinsu, kafin a tafi gidajen maƙwabta.

Na biyar, a shirya yaron kansa. Ya san cikakken sunansa, sunan mahaifinsa da unguwarsu, ya haddace lambar waya ɗaya. Ƙaramin da bai iya ba a rubuta a takarda a sa masa a aljihu. A koya masa cewa idan ya daina ganin nasa ya tsaya inda yake, ya nemi taimakon mace mai yara ko jami'i mai kayan sarki. Kafin shiga taro, kamar filin Idi, kasuwa ko wurin wasan yara, a nuna masa wurin haɗuwa, a kuma ɗauke shi hoto da waya domin a san kayan da ke jikinsa. A kashi na biyu na fim ɗin, uwar ta gano Kevin ne a gindin babbar bishiyar Kirsimeti ta dandalin Rockefeller, saboda ta san abin da ɗanta ke so, ta san inda zai nufa. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa a Najeriya ita ce 112, ya kamata manya da yaran da suka yi wayo su san ta.

A fim, uwar Kevin ta sha wahalar dawowa daga Paris, ta bi jirgi bayan jirgi, ta ƙarasa Shikago a bayan motar wasu makaɗa, ta tarar da ɗanta lafiya ƙalau har ya gyara gida. Marubuci ne ya tsara haka. Idan an zauna kallo da yara a wannan hutu, a bar su su yi dariyarsu, bayan an gama kuma a tambayi kowannensu: in ka waiga ba ka gan ni ba a tasha, me za ka yi? Amsar da suka bayar za ta nuna aikin da ya rage kafin ranar tafiya. Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya kai kowa gida lafiya.